Makokin Baba a Ƙofar Ƙanensa

Daga Allah muke, gare shi za mu koma. Baba ya cika da hantsi, ana tsakiyar tsinkar auduga, kuma kafin azahar an kai shi makwancinsa a gefen tungar da ya sara da hannunsa, kan hanyar Gozaki zuwa Malumfashi. Ni ce 'yarsa, ni kaɗai ya haifa. Ba na son labarinsa ya bi shi ƙasa, domin an taɓa binne sunansa yana raye, kuma na ga yadda abin ya zo wa mutane da sauƙi.

Da aka dawo daga maƙabarta jama'a suka nufo ƙofar gidansa don zaman makoki, sai suka tarar da ita a share, babu tabarma ko ɗaya. Wani tsoho mai sayen auduga daga Maska ya tsaya yana waige-waige, ya ce duk yawonsa bai taɓa ganin gidan mutuwa da ba wurin zama ba. Mata suna kuka a cikin gida. Wata Bafillatana da Baba ya ba wurin kafa ruga tana ta tambayar wa zai hana a kore su yanzu. Mutanen Gozaki kuwa, 'yan kaɗan da suka zo, sun rasa bakin yin gaisuwa, domin shekara da shekaru Fatalwa suke kiransa a bayan idonsa. Ɗayansu ya matso ya ce wa mijina, "Allah ya jiƙan baƙonku." Mijina mutum ne mai sanyi, ya ce amin. Da ni aka gaya wa da ban amsa ba.

Can mijina ya gyara murya ya faɗi wasiyyar da aka bar masa. Ya ce, "Marigayi ya ce kada a shimfiɗa tabarma a ƙofarsa. Ya ce yana da ƙane uwa ɗaya uba ɗaya a Gozaki, Alhaji, kuma ƙane ke karɓar gaisuwar wansa. Duk mai son yi masa addu'a ya kai can."

Kowa a wurin ya san Alhajin nan, wato Baffana, ya rantse tun da daɗewa cewa wansa ya mutu a hanyar hajji, shi ya zuba masa ƙasa, kuma wannan tsohon da ya dawo maƙaryaci ne mai neman gado. Abin da Baba ya nema duk tsawon zamansa a nan bai wuce guda ba: Baffa ya buɗe baki a gaban jama'a ya ce wansa ne. Ya mutu bai ji ba.

Ina tatata suka bar Gozaki su biyu, Baba da Baffa, suka nufi gabas a ƙasa. Dukkansu sun sauke farali. Guzuri ya ƙare, suka shiga dako a bakin teku, daga Jidda har wani gari da ake kira Adan, wanda ke hannun Nasaran Ingila. A can Baffa, da ma mai zafin kai ne, ya maka wa shugaban 'yan dako katako a ƙeya, mutumin bai ƙara shurawa ba. Da dogarawan Nasara suka zo suna tambaya, Baba ya miƙa hannunsa ya ce shi ne ya yi kisan. Ya ce uwarsu ta damƙa masa yaron a ƙofar gari, da wane ido zai kalle ta in ya koma shi kaɗai? Ya zaci bulala za a yi masa ko a nemi diyya, sai alƙalin Nasara ya yanke masa ɗaurin rai da rai a hayin teku. Kafin a sa shi a jirgi ya ce wa Baffa, "Ka koma gida. Ka ce masu ina da rai. Ka riƙe mani matata da 'yata."

Ya riƙe kuwa. Ya shigo Gozaki da rawani da gorar zamzam yana sharɓar kuka, ya ce masassara ta kashe wansa a Jidda. Liman ya yi masa salla daga nesa, aka daka gumba aka raba, Inna ta yi takaba. Tana fita Baffa ya aure ta, ya haɗa da gandun kakanmu da fadamar rake. Na tashi ina ce masa Baba, ina durƙusa masa safe da yamma. In na tuna wannan har yau bakina ɗaci yake yi.

Wurin da aka kai Baba tsibirai ne a tsakiyar teku, gaba da ƙasar Hindu. Nasara na ce musu Andaman, ɗaurarru kuwa Baƙin Ruwa suke cewa, kuma shi bai taɓa kiran wurin da wani suna ba. Ba ya ba da labarin sai in yana wasa gatari bayan la'asar, shi ma gutsure-gutsure, in ka cika tambaya ya yi shiru. Yana cikin na farko-farkon da aka sauke. Yawancin abokan sarƙarsa mutanen Hindu ne da suka yi wa Nasara tawaye aka ci su da yaƙi. Ya ce ranar da suka sauka babu gari, babu gona, kurmi ne ya zo har bakin ruwa. Aka rataya wa kowa zoben ƙarfe a wuya da ɗan allo mai lamba, aka miƙa masa gatari.

"Ba ganuwa, ba ƙofa," in ji shi. "Ruwa shi ne dogari."

Ruwan sama ba ya ɗaukewa, bukkokin ganye suna yoyo, masassara tana ɗibar mutane har masu haƙa kabari suka gaji. Wasu suka gudu cikin kurmi, suna cewa akwai hanya a bayansa da ke kai mutum gida. Wanda yunwa da kibiya suka bari ya dawo da ƙafarsa, aka rataye shi saboda gudun. Masu kibiyar su ne ainihin mutanen tsibirin, baƙaƙe gajeru. Baba ya ce da ya fara ganinsu gabansa ya faɗi, domin fatarsu irin tamu ce. Kurminsu ake sarewa, me zai hana su harbi? Daga baya Nasara suka dinga tara su a wasu gidaje, ciwo ya yi ta ɗauke su. A nan kaɗai na taɓa jin muryarsa ta karye. Yakan ce, "Gatarina ya ci gidan mutane," sai ya yi istigfari ya ci gaba da wasawa.

Sannu a hankali kurmi ya ja baya. Aka haƙa magudanai aka tsane fadamun da ke wari. Aka ƙona tubali, aka gina wa babban Nasara gida a kan tudu, da ɗakin ibadarsu, da kasuwa, da matsayar jirage. Ɗaurarre ke gini, ɗaurarre ke tsaron ɗaurarre, ɗaurarre ke yi wa ɗan'uwansa bulala, Nasara yana zaune a inuwa yana kallon teku. Wanda ya daɗe bai yi laifi ba sai a cire masa marin ƙarfe, a yanka masa gona a ba shi bijimin huɗa, ya noma shinkafa da kwakwa ya ci da kansa, amma ba shi ba barin tsibiri. Da haka ƙauyuka suka tsiro. Jirage suka ci gaba da kawo sababbi, suna sauka suna ganin titi da fitilu, suna zaton haka Allah ya halicci wurin. Baba yakan yi tsaki in ya zo nan, ya ce gari ba ya tambayar wanda ya sare masa daji.

Har mata ɗaurarru aka kawo. Akan jera su a fili, mazan da aka ba gona su zo su zaɓa, in mace ta yarda a ɗaura. Wani abokinsa Musulmi ya ja shi zuwa wurin, ya ce mutum ba ya noma shi kaɗai ya dafa shi kaɗai har ya mutu. Baba ya fizge hannunsa ya ce, "Ina da mata a Gozaki, kuma ta san ina da rai." A lokacin da yake faɗin haka Inna ta riga ta haifa wa Baffa 'ya'ya maza.

Bayan shekara ashirin da ɗoriya aka sake shi da wasu tsofaffin da ƙarfinsu ya ƙare. Jirgi ya sauke shi a bakin ƙasa, ya tako ta Wadai da Barno da Kano, yana ƙwadago yana gaba. Ranar da ya iso ina gidan Baffa, na zo ganin Inna da goyona. Baffa yana zaure da baƙi. Muka ji sallama da wata murya mai kaushi, na leƙa ta jikin zana na ga dogon tsoho da tabon zobe a wuya, da tsagen gidanmu a kumatunsa.

Ya ce, "Na dawo."

Baffa ya dube shi tun daga ƙafa har kai. Ya ci gaba da jan carbinsa. Ya ce, "Kai wane ne, bawan Allah?"

"Wanka ne."

"Wana yana kwance a Jidda, ni na rufe shi. Liman ya yi mashi salla, gari ya ci sadaka tai. Tsage kuwa rabin ƙasar Katsina na da irinsa. Ku ba tsohon nan fura ya kama hanya."

Dattawan gari sun gane shi. Na rantse sun gane shi, domin da wasunsu aka yi musu kaciya tare. Amma su suka ci gumbar, su suka shaida auren, kuma a wurinsu wanda liman ya sallata ya tafi ke nan. Ga shi Baffa ne kaɗai Alhajin garin, shi ake kai wa jarirai ya tofa musu addu'a. Sai kowa ya sunkuyar da kai ya ce Allah ne masani. Allah kam masani ne, amma su ma sun sani.

Baba ya tare a rumfar masallaci. Da yamma Inna ta sa ni tuƙa tuwon dawa, ta ce sadaka za a kai wa baƙo. Na ɗauko daddawa zan jefa a miyar kuka, ta riƙe mini hannu. Ta ce, "Kada ki sa. Ba ya ci." Na ɗauki akushin da kaina na kai, na durƙusa na ce, "Baba, ga tuwo." Ya daɗe yana kallona kafin ya wanke hannu.

Don a rabu da shi, mai gari ya ba shi wani kurmi da kowa ke tsoro, wai matattarar iskoki ce. Baba ya je ya duba ya dawo yana dariya, ya ce wannan ai lambu ne. Ya sassaƙe bawon manyan itatuwa ya bar su su bushe a tsaye, ya ja magudana ya tsane dausayin da ke wurin, ya shuka shinkafa da rake da gwaza. Mutane suka fara zuwa, irin waɗanda ba a so. Ɓarawon da aka kora daga Bakori, tsohuwar da aka yi wa ƙazafin maita, kuturu da matarsa, Fulanin da mahara suka kwashe wa shanu. Ba ya tambayar kowa laifinsa, gatari yake miƙa masa. Da aka yi masa magana ya ce garin da ya fito masu laifi ne suka gina shi, kuma ya fi Gozaki tsabta. Ni da mijina muka kwaso kayanmu muka bi shi. Kafin a ankara tungar ta yi masallaci da marina da 'yar kasuwa, har fatake suna kwana.

Yana da wani guntun ƙarfe da ya rataya a tsamiya, yana buga shi da sassafe kowa ya fito aiki. Nakan tsokane shi in ce, "Baba, kai da ka tsani Nasara, ga ka kana tashinmu da ƙararrawarsu." Sai ya ce, "Maƙiyinka ma in ya iya riƙon gatari, kalli hannunsa." Abu ɗaya ne bai ɗauko daga wurinsu ba. Baba ba ya ɗaure komai, ko akuya. Da damina kowa na kafa turke, shi sai ya yi wa awakinsa danga, su tsallake su shiga gonar mutane, a zo a yi ta faɗa, ya biya da dawa ya ƙara tsawon dangar. Ran da aka kama wani yaro ya saci gwaza aka ɗaure masa hannu ta baya, Baba ya zo da wuƙa ya yanke igiyar kafin ya tambayi abin da ya faru.

Faɗanmu da shi a kan Baffa ne. Na matsa masa ya kai ƙara Katsina, ga tsage, ga ni, ga dattawan da in an sa su dafa Alƙur'ani dole su faɗi gaskiya. Ya ce, "In na kai ƙara, alƙali zai tsayar da uwarki gaban jama'a ya tambaye ta matar wa ce ita. Ba zan yi mata haka ba." Na haƙura don Inna. Har ta rasu ita da Baba ba su taɓa haɗa ido ba, amma duk wanda zai zo tunga daga Gozaki sai ta ba shi ƙullin kuka ya kawo, ba ta cewa na wane ne. Da aka yi arba'in ɗinta na koma masa na ce yanzu fa? Ya ce wanda ya rantse sau ɗaya zai sake, kuma shi ba gandu yake so ba, so yake Baffa ya faɗa da bakinsa. Na ce wannan ba haƙuri ba ne, tsoro ne. Ya ajiye gatarin ya dube ni ya ce, "'Yar nan, ni da na ga kurmi ya zama birni, jira ne zai gagare ni?" Damina guda ban taka ƙofarsa ba, shi ma bai aiko ba. Halinmu ɗaya.

Kada wani ya tashi gobe ya ce Baba ya yafe, don mutane suna son a ce mamaci ya yafe. Ina wurin lokacin da limamin tunga ya zauna a kansa yana ciwon ajali, ya ce ya saki kowa ya tafi da sauƙi. Baba ya ce, "Malam, ɗaurin ni na ɗauka da hannuna, ban riƙe kowa da shi ba. Amma ina can ina ƙin mata don matata, ashe an ci gumbata. Wanga ban yafe ba. Mu haɗu can." Daga nan ya kira mijina ya ba shi wasiyyar tabarma.

To, jama'a suka kama hanyar Gozaki a ranar, mutanen tunga a gaba, fatake a baya. Baffa ya ji labari ya shige ɗaka ya ce ba shi da lafiya. Amma a ƙasarmu ba a barin mai gaisuwar mutuwa a tsaye, ko maƙiyinka ne. 'Ya'yansa, ƙannena na wajen Inna, suka rasa yadda za su yi, suka fito da tabarmi suka shimfiɗa. Washegari na Bakori suka zo, da na Maska, da Fulani daga rugage. Kowa ya zauna ya ce, "Ina Alhaji? Mun zo gaisuwar wansa." Unguwa ta cika, har masu waina suka kafa tanda. Baffa bai taɓa tara mutane haka ba, ko ranar da ya dawo da zamzam.

Ranar sadakar uku limamin Gozaki ya zo da kansa, ɗan wancan limamin da ya yi sallar farko. Ya aika ciki ya ce ba zai yiwu Musulmi su cika ƙofar mutum da addu'a yana ɓoye ba, ko ya fito ya karɓa, ko ya fito ya kore su da bakinsa. Baffa ya fito yana dogara sanda, ya zauna a kan buzu, ya ƙi kallon kowa. Mutane suka yi ta duban juna, an rasa mai farawa.

Mata ta cikin gida suke gaisuwa, amma ni ban shiga ba. Na ja mayafina na ratsa maza na durƙusa a gabansa, daidai inda nake durƙusawa ina yarinya. Na ce, "Baffa, ya haƙuri? Allah ya jiƙan wanka, Alhaji babba. Allah ya sa ya huta."

Addu'a ce, kuma addu'a ba ta da amsa sai ɗaya. In ya yi shiru, ya ƙi wa mamaci rahama a gaban liman. In ya amsa, ya amsa. Leɓensa ya motsa.

Tsohon nan na Maska kunnensa ya yi nauyi. Ya karkato ya ce, "Mi ya ce? Ban ji ba."

Baffa ya ce, "Amin." Wannan karon har na bakin hanya sun ji.

Daga nan aka yi layi. Ɓarawon Bakori ya durƙusa ya ce Allah ya jiƙan wanka, ya ce amin. Kuturu ya ce, ya ce amin. Dattawan da suka ci gumbar farko suka zo ɗaya bayan ɗaya, kansu a ƙasa, suka faɗa, ya amsa. Na koma gefe na zauna ina saurare har rana ta karkata, ban bar ko ɗaya ta wuce kunnena ba. Na ji daɗi, kuma ba zan ɓoye ba.

Da jama'a suka ragu Baffa ya sa aka kira ni zaure. Ya tsufa a yini ɗaya. Ya ce, "Ke ce jininsa. Na riƙe ki, na aurar da ke. Ki yafe mani a madadinsa."

Na ce, "Baffa, abin da ka ci nawa, na bar ka da Allah. Nasa kuwa ba ni da ikon bayarwa. Ya zauna kusa da kai shekara da shekaru, tafiyar hantsi ce tsakaninku, ba ka je ba. Yanzu sai ka bari in kun haɗu ka roƙe shi da kanka."

Na tashi na kakkaɓe zanena na kama hanyar tunga.

Ya Allah, ga bawanka ya zo maka da tabon ƙarfe a wuya. Ka yalwata masa kabarinsa, ka yafe masa abin da gatarinsa ya ci bisa tilas, ka haɗa shi da Inna inda ba mai raba su da ƙarya. Wanda ya rage kuma, ka ba shi tsawon rai da lafiyar kunne, domin arba'in tana tafe, kuma a ƙofarsa za a yi ta.